Kafin a Kai Wuƙa Hanci: Murar da Ta Ƙi Jin Magani a Ƙasar Shinkafa

Akwai ciwon da ba ya kwantar da mutum a gado, ba ya kuma kai shi kushewa, amma yana cinye masa barci da kuzari shekara da shekaru, har ya manta yadda numfashi ta hanci yake. A yankinmu na Kura da Bunkure da Garun Malam sunansa ɗaya da ciwon kwana uku: mura. In ya daɗe, a ce sanyi ne ya kama mutum. In mai bayanin ya ɗan zauna a birni, ya ce sainos ne. Da yake ciwon bai samu suna na kansa ba, mai shi ma bai samu tausayi ba. Ba a zuwa dubiya don mutum yana atishawa, ko da kuwa ya yi shekara biyar yana kwana a zaune, baki buɗe, maƙogwaro a bushe.

A 'yan shekarun nan wata magana ta shiga bakin mutane a majalisu da bakin injinan casa: wai ana yin aikin hanci, mutum ya rabu da murar gaba ɗaya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma nan haɗarinta yake. Ana yin tiyatar, a Kano ma ana yi, akwai kuma waɗanda ta sauya wa rayuwa. Sai dai abin da take gyarawa da abin da mai ciwon yake fatan ta gyara ba kullum suke zama abu ɗaya ba, kuma a tsakanin biyun ne mutum kan yi asarar kuɗin noman shekara, wani lokaci har da gona. Na shafe watanni ina raka wani ɗan'uwana asibiti a kan wannan ciwo, ina tambaya ina karatu yadda aikin jarida ya koya mini. Ga abin da na fahimta.

Ƙasar da ta daina hutawa

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Daga can ruwa ke biyo babban kanal, ya rarrabu zuwa ƙananan magudanai a Bunkure da Garun Malam da Kura, har ya isa cikin kwami. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da aikin, wanda aka tsara kashinsa na farko ya shayar da hekta 22,000. Kafin zuwan ruwan, damina ɗaya manomi yake da ita: ya yi gero da dawa da gyaɗa, ya kai amfani rumbu, ya huta ko ya tafi cin rani. Yau ƙasar ba ta hutawa. Shinkafa da damina. Alkama, tumatir, albasa da masara da rani. Wasu ma su sake mayar da shinkafa kafin ruwan sama ya sauka.

Hanci ma ya daina hutawa. Inda a da ciyawa da hatsi ke yin fure a 'yan watanni, yanzu kusan duk wata akwai abin da ke sakin garin fure a iska. Danshin gona yana raya funfuna a jikin tattaka da hatsin da aka tara bai gama bushewa ba. Sai bugu da sheƙa, sai kuma injinan casa, waɗanda suka ƙara yawa bayan rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin samfarera buntu ne, kuma wannan buntun dole ya tafi wani wuri: wani ya tashi a iska a cikin ɗakin inji, wani a tara shi tsibi a cinna masa wuta ya yi ta cin kansa yana hayaƙi, wani mata su kwasa su yi makamashin turara shinkafa a tsakar gida. A kan wannan duka hunturu ke sauka daga Nuwamba zuwa Maris, ɗauke da ƙurar kwarin Bodele da ke arewacin Chadi.

Likitoci sun daɗe da sanin abin da ƙurar hatsi ke yi. Tun a 1700 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'o'i, ya kuma shawarci likita ya riƙa tambayar mara lafiya aikin da yake yi. A 1984 wasu masu bincike a Maleshiya suka bayyana tarin alamomin da suka gani a jikin ma'aikatan injin shinkafa: ƙaiƙayin ido da fata, zubar majina, ƙuncin ƙirji. Sun danganta abin da 'yan siraran ƙayoyin da ke jikin buntu. Wanda ya taɓa yini a bakin inji a Kura ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

Abin da ke faruwa a cikin hanci

Abubuwa uku muke haɗawa mu kira mura. Ta farko ita ce ta ƙwayar cuta, mai zuwa da ciwon jiki da ɗan zazzaɓi, ta tafi cikin mako ɗaya ko kwana goma. Ta biyu ita ce ta fusata: hayaƙi, ƙura, turare ko iska mai sanyi su taɓa hanci ya kumbura, ba tare da garkuwar jiki ta shiga maganar ba. Ta uku ita ce murar aleji, 'yar'uwar abin da muka sani da borin jini. A nan garkuwar jiki ce ke ɗaukar abin da ba ya cutarwa a matsayin abokin gaba: garin fure, funfuna, ɓurɓushin kyankyaso, ko ƙananan ƙwarin da ke zaune a katifa waɗanda ido ba ya gani. Jiki ya ƙera wani makami da ake kira IgE, wanda aka gano a tsakanin 1966 da 1967. Duk lokacin da abin ya sake shiga hanci, sai wasu ƙwayoyin jiki su saki sinadarin histamin, cikin mintuna a fara atishawa jere da jere, hanci da ido su yi ƙaiƙayi, majina ta zubo tsararo kamar ruwa. Bayan wasu sa'o'i kumburi ya biyo, hanci ya toshe.

Ciwon tsoho ne. Abubakar Ar-Razi, likitan da ya rayu a Rayyu da Bagadaza fiye da shekara dubu da suka wuce, ya yi rubutu a kan murar da ke kama mutum da bazara idan furen wardi ya buɗe. A 1873 Charles Blackley, wani likita a Manchesta da shi kansa ke fama da ciwon, ya gwada garin fure a jikinsa ya tabbatar cewa shi ne sanadi.

Don a gane tiyatar sai an san fasalin hanci. Katanga ce a tsakiya, ta guringuntsi da ƙashi, ta raba shi gida biyu. A jikin bangon kowane ɓangare akwai wasu tudun nama guda uku a jere kamar kantoci, likitoci na kiransu tabinet. Su ke ɗumama iska, su jiƙa ta, su tace ta kafin ta isa huhu, kuma iskar da baligi ke shaƙa a yini ta kai kimanin lita 10,000. Na ƙasan shi ne babba, cike yake da hanyoyin jini, yana kumbura yana saɓewa. Shi ya sa ko mai lafiya kan ji kafa ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, bayan 'yan sa'o'i su yi musaya. A hancin mai aleji kumburin ne ke zama bai sauka ba, har naman ya yi kauri.

Kafin a ce magani ya gaza

Ɗan baffana ne, ya girme ni da shekara shida. Shekara takwas ya yi yana zuba samfarera a bakin inji. Lokacin da ya same ni da maganar, ya kai shekara biyu yana ɗiga wani magani a hanci, da farko sau ɗaya da dare, daga baya sau biyar ko shida a yini, kwalbar tana aljihunsa kamar goro. Wani abokin aikinsa ya haska masa fitilar waya a hanci, suka ga jan nama ya cika kafar, suka yanke hukunci cewa tsiro ne. Ya ce mini, "Kai da ka yi boko, ka raka ni su cire mini wannan abu in huta. In ta kama in jinginar da ekar da Baba ya bar mini, zan jinginar." Na ce, "Yaya, bari mu ji ta bakin likita tukuna kafin mu kai ga gona."

Likitan kunne da hanci da maƙogwaro da muka gani a wani babban asibiti a birni ya duba, ya ce, "Malam, wannan da kuka gani ba tsiro ba ne. Da shi aka haife ka, ni ma ina da shi. Kumbura ya yi." Sannan ya tambaye shi aikinsa, da magungunan da yake sha, ya ce a nuna masa kwalbar.

Abin da muka koya a ranar ya shafi mutane da yawa. Maganin ɗigawa mai buɗe hanci nan take, irin su zailometazolin da aka fi sani da Otrivin, yana matse hanyoyin jini ne, kuma an yi shi don 'yan kwanaki; takardar da ke cikin kwalin ma tana gargaɗin kada a zarce mako guda. In aka zarce, hanci ya saba, da zarar ƙarfin maganin ya sauka sai ya kumbura fiye da da, mutum ya ƙara ɗigawa. Daga nan maganin ya zama shi ne ciwon. Mutum da yawa da ke neman tiyata, wannan ce matsalarsu, kuma warakarta ita ce a daina ɗigawar a jure makonni kaɗan na wahala ƙarƙashin kulawar likita.

Sauran abin da ake samu a kemis ma kowanne da iyakarsa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya taɓa aleji ko kaɗan. Piriton yana rage atishawa da ƙaiƙayi, amma yana sa gyangyaɗi, abin tsoro ga mai aiki kusa da bel ɗin inji ko mai tuƙa babur a kan titin Zariya. Setirizin da loratadin sun fi shi sauƙi ta wannan fuska, sai dai duk cikinsu babu mai buɗe hancin da ya toshe sosai. Ƙwayoyin deksametason da allurar sitiroyid da wasu ke yi duk hunturu suna aiki kamar sihiri, amma yawan amfani da su yana jawo hawan jini, ciwon sukari da raunin ƙashi.

Maganin da likitoci suka fi dogara da shi shi ne feshin hanci mai sitiroyid, irin su fulutikason da mometason da bekulometason, wanda kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini. Aibinsa a idon mutanenmu shi ne ba ya aiki nan take. Sai an yi shi kullum, mako biyu zuwa huɗu, kafin a ga amfaninsa sosai. Akwai kuma yadda ake yi: a ɗan sunkuyar da kai, a riƙe kwalbar da hannun dama a fesa a kafar hagu, da hannun hagu a fesa a ta dama, bakin kwalbar yana kallon wajen kunne, kada kuma a zuƙe da ƙarfi har ya wuce maƙogwaro. Wanda ya fesa kwana uku ya ajiye ya ce bai yi ba, bai gwada maganin ba tukuna.

Bahaushe ya ce hanci bai san daɗin gishiri ba, amma a asibiti an nuna mana akasin haka. Ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a ruwa rabin lita, wato kwatankwacin leda ɗaya ta fiya wata, a tafasa a bari ya huce, a wanke hanci da shi safe da yamma, musamman bayan an tashi daga aiki. Yana fitar da ƙura da majina, ya share wa feshin hanya. Ruwan kanal ba ya cikin lissafi, komai haskensa.

Saboda haka idan likita ya ce ciwo ya ƙi jin magani, yana nufin an daina ɗigawar nan, an yi feshi yadda ya kamata na wasu watanni, an haɗa da maganin histamin da wankin gishiri, an rage cuɗanya da abin da ke tayar da ciwon gwargwadon iko, amma hancin yana nan a toshe. Sai a nan maganar wuƙa ke tasowa.

Ayyuka huɗu masu suna ɗaya

Mun saba da wuƙa a matsayin magani. Wanzami ya cire belu, ya yi ƙaho, ya yi sakiya, kuma tunanin da ke ƙarƙashin duka shi ne ciwo wani abu ne da ke zaune a wuri ɗaya, in an fitar da shi an gama. Aleji ba ya zaune a wuri ɗaya. Yana cikin garkuwar jiki, inda aska ba ta kaiwa. Abin da tiyata ke gyarawa shi ne ɓarnar da ya yi wa hanci, ko wani lahani na fasali da ya haɗu da shi. Ayyukan da ake kira aikin hanci huɗu ne.

Na farko, rage tabinet na ƙasa. Ana iya soka siririyar allura a cikin naman a ƙona shi daga ciki da zafin lantarki ko na igiyar rediyo ya tsuke, ko a aske cikinsa da wata ƙaramar na'ura, ko a yanke wani ɓangare. Likitocin yau sun fi son a rage daga ciki a bar fatar sama, domin ita ke aikin jiƙa iska da tace ta. Wannan aiki toshewa yake magancewa; atishawa da ƙaiƙayi ba lalle su tafi ba. Manomin rani zai fi kowa gane shi: kamar yashe kanal ne. Ruwa zai wuce, amma ba a hana laka da kacala dawowa ba, kuma ga wasu amfanin yana raguwa bayan 'yan shekaru.

Na biyu, miƙar da katangar tsakiya in ta karkace, ko daga haihuwa ko saboda wani tsohon bugu. Wannan ba ya taɓa aleji, amma yana buɗe hanyar iska, ya kuma ba feshi damar isa ciki.

Na uku, cire tsiro na gaske da buɗe ƙofofin sainos, wato ramukan iska da ke cikin ƙashin fuska. Tsiron gaske fari-fari ne, mai laushi kamar ɓararren inabi, ba ya zafi in an taɓa shi, kuma mai shi yakan daina jin ƙamshi da wari. Hanyar da ake bi yanzu, ta zura siririyar na'ura mai kyamara ta kafar hanci ba tare da an tsaga fuska ba, ta samo asali ne daga aikin Walter Messerklinger da Heinz Stammberger a birnin Graz na Ostiriya a shekarun 1970 da 1980. Ana buƙatar hoton CT kafin a yi, domin wurin yana maƙwabtaka da ido da ƙwaƙwalwa. Tsiro yana iya dawowa, musamman ga mai asma da wanda asfirin ke tayar wa da ciwo, shi ya sa feshi ke ci gaba bayan aikin.

Na huɗu shi ne wanda ya fi kusa da taɓa alamomin aleji kansu: yanke jijiyar da ke kai wa hanci umarnin ya zubar da majina. A 1961 wani likita a Ingila, Golding-Wood, ya bayyana aikin yanke jijiyar da ake kira Vidian. Majina ta tsaya, amma aka ga wasu idonsu ya bushe, domin jijiyar da ke shayar da hanci ita ce ke aika wa ido saƙon hawaye. Ashe da kakanninmu suka ce abin da ya taɓa hanci ido ke yi wa ruwa, sun faɗi abin da ke cikin littafin fiɗa. Daga ƙarshen shekarun 1990 likitoci a Japan, cikinsu har da Toru Kikawada, suka koma yanke ƙananan rassan da ke can bayan hanci kawai, bayan reshen ido ya riga ya rabu. Daga baya a Amurka aka fito da na'urorin da ke daskarar da waɗannan rassa ko su ƙona su ba tare da yanka ba. Ana samun raguwar majina da atishawa, amma aiki ne na ƙwararru da kayan aiki masu tsada, ba kowane asibiti ke yinsa ba ko a ƙasashen da suka fara shi, kuma shi ma bai cire aleji daga jiki ba.

Abu ɗaya ne aka sani yana sauya ciwon daga tushe, kuma ba tiyata ba ne: a riƙa ba jiki ɗan kaɗan daga abin da yake ƙi, ta allura ko ƙarƙashin harshe, har ya saba. Leonard Noon ne ya fara shi a Landan a 1911. Yana ɗaukar aƙalla shekara uku, sai kuma an yi gwajin fata an san takamaiman abin da jikin ke ƙi, ga tsada. Ga leburan inji wannan hanya tana da nisa.

Idan aka cire da yawa

Mai toshewar hanci yakan so a kwashe komai. Akwai dalilin da ya sa likitan kirki ba zai biye masa ba. A 1994 Eugene Kern na asibitin Mayo a Amurka ya raɗa suna ga wani hali da ya gani a waɗanda aka cire wa tabinet da yawa: ciwon hanci fanko. Hanyar a buɗe take fayau, amma mutum yana jin kamar iska ba ta shiga, cikin ya bushe, ya yi ɓawo, wani lokaci ya yi wari. Naman da aka cire ba ya sake tsirowa. A ƙasar da danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da tsakar rana a hunturu, hancin da ya rasa abin jiƙa iska ya shiga uku.

Wannan ne kuma ya sa bai kamata a bar wanzami ko wani mai magani ya sa ƙarfe a cikin hanci ba. Wurin cike yake da jini. Akwai wani ƙari da ke fitowa samari a bayan hanci wanda in aka taɓa shi jinin ba ya tsayawa cikin sauƙi. Duk toshewar da ke kafa ɗaya kullum, ko mai zuwa da haɓo akai-akai, ko kumburin fuska ko wuya, ko ido ya turo, ko kunne ɗaya ya toshe, ba ta kemis ba ce. A garzaya asibiti.

Yadda ta kaya da Yaya

Makonni biyun farko bayan ya ajiye kwalbar ɗigawa sun yi masa tsanani, har ya kira ni da tsakar dare yana cewa likitan nan bai san abin da yake ji ba. Bayan wata biyu kafar dama ta buɗe, atishawa ta ragu. Ta hagu ta ƙi. Da aka zura kyamara aka ga katangar ta karkace, ya tuna faɗuwar da ya yi daga kan amalanke yana yaro. Bayan wata takwas da fara zuwanmu aka miƙar da katangar, aka rage tabinet. Ba a jinginar da gona ba. Ya sayar da wani kaso na shinkafarsa da kaka, lokacin da ba ta da daraja, dangi suka cika sauran.

Likita ya ce ya nisanci ƙura na makonni. A rana ta goma ya koma inji, domin wanda bai zo ba wani ake sa wa a gurbinsa. Da yamma jini ya ɓalle, muka kwana a asibiti. Yau yana barci a kwance, baki rufe, kuma ya ce ya sake jin ƙamshin miya. Amma duk kaka atishawa tana dawowa, feshi da ruwan gishiri suna nan. Ya bar bakin inji ya koma wajen sikeli, inda ƙura ta fi sauƙi, kuɗin ma suka fi ƙanƙanta. In aka tambaye shi ko aikin ya yi, yakan ce ya yi rabi, rabin kuma shi ne barci.

Abin da ya kamata a tambaya

Wanda ya kai ga wannan mataki ya nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Akwai sashen a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Ya tafi da duk kwalaben da yake amfani da su, ya faɗi aikinsa, ya kuma faɗa in yana tari ko numfashinsa na fito da dare, domin aleji na hanci da asma hanya ɗaya suke bi. Sannan ya tambaya ba tare da jin nauyi ba: wane aiki za a yi a cikin huɗun nan? Wace alama zai gyara, wace ce za ta rage? Nawa za a cire na naman? Zan ci gaba da feshi? Kwana nawa zan yi ban je aiki ba? Amsar tambayar ƙarshe ita ya kamata ta zaɓi lokacin aikin, a kauce wa tsakiyar hunturu da ganiyar casa in da hali, a kuma tanadi abin da iyali za su ci a makonnin hutun kamar yadda aka tanadi kuɗin asibiti.

Saura kuma abin da ba na mara lafiya ba ne. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowane ɗan Najeriya, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta haɗa da cututtukan da aiki ke jawowa, amma leburan da ake sallama kullum da yamma ba ya cikin rajistar kowa. Hancin da aka yi wa tiyata ƙurar da ta lalata shi zai koma shaƙa. Fanka mai zuƙe ƙura a ɗakin inji, bututun da ke kai buntu rumbu a rufe, takunkumin N95 maimakon ƙyalle ko rawani, hana ƙona buntu kusa da gidaje: kuɗin waɗannan a inji ɗaya ana iya auna shi da kuɗin tiyatar ma'aikata nawa, da kwanakin aikin da suke rasawa. Ƙungiyoyin masu inji da na masu amfani da ruwa sun iya haɗa kuɗi su yashe kanal duk shekara, domin sun ga abin da toshewarsa ke jawo wa amfanin gona. Wannan lissafin ne ya rage a yi wa mutanen da ke tsaye a cikin ƙurar daga safe zuwa magariba.